Mita Ashirin

Hoton yana shafi na sittin da huɗu na kundin shari'ar.

Dale Rudkin ya daɗe yana kallonsa. Shi ne tsaye a kicin ɗin gidan su budurwarsa Lorna, farar riga a jikinsa, tiren shayi riƙe da hannu biyu, yana murmushi kamar ba shi aka ɗaure wa ƙashin baya da ƙarfe ba. Babu sanda ko ɗaya a hoton. A ƙasa an liƙa 'yar wasiƙa bugun na'ura, ba suna, ba sa hannu. Mai wasiƙar ya ce shi ɗan ƙasa ne mai biyan haraji, kuma ransa yana ɓaci idan ya ga ƙato lafiyayye yana neman tallafin naƙasassu.

Beryl Thackray ta sauke tabarau zuwa kan hanci. Ita ce ke tsaya masa a ofishin taimakon shari'a na kyauta, shekararta ashirin da biyu tana wannan aikin a garin Grimsby, kuma ba ta san rarrashi ba. Tun ranar farko ta wanke shi tas. Ta ce wane irin mutum ne za a kira shi gwajin lafiya ya je da kwat ɗin marigayi babansa, ya yi aski, ya fesa turare, sannan da aka tambaye shi jiki ya ce da sauƙi? Ai kuwa suka rubuta da sauƙi. Suka ba shi maki sifili, aka hana shi tallafin. Shi ya sa yanzu sai an je kotun ɗaukaka ƙara.

"Ku mazan bakin tashar nan girman kai ne zai kashe ku," in ji ta. "Ko ƙafa aka yanke muku sai ku ce da sauƙi. Ga shi yanzu kana rabon shayi kamar ma'aikacin otal. Wa ya ɗauke ka?"

"Fraser."

Bai ko tsaya tunani ba. Fraser Mowbray, ɗan mai motocin sanyin da ke kwasar kifin Mista Gordon Stathers, mahaifin Lorna. Wata goma sha huɗu da suka wuce akwatin kaya ya suɓuce a tashar jirgin ruwa ya danne Dale. Saura wata uku bikinsa da Lorna. Gordon ya ce a ɗaga sai ya warke. Likitoci suka ce ba maganar warkewa, sai dai lallaɓawa. Tun daga nan aka fara ganin motar Fraser a ƙofar gidan duk ranar Lahadi.

Beryl ta jawo hoton gabanta, ta ɗora farce a gefen hagu. Wani hannu ne ya miƙo zai ɗauki kofi, da ƙaton agogon zinare a wuyansa. Ta tambaye shi na wane ne.

Dale ya gane shi, agogon Fraser ne. Duk garin nan mutum ɗaya ke yawo da wannan agogon.

Sai ya fara ƙirga teburin a ransa. Ga hannun Fraser. Ga gefen gashin Lorna. Ga mahaifiyarta, Maureen, can baya a bakin famfo tana wanke-wanke. Kujera ɗaya ta rage, ta jikin taga, ta Gordon, wadda ko kyanwar gidan ba ta hawa.

Daga kanta aka ɗauki hoton.

A gidan Stathers baƙo ba ya taɓa buta. Saurayi zai yi shekara yana zuwa cin gasasshen naman Lahadi ana zuba masa shayi kamar kowa. Ranar da uban yarinya ya ce masa ya tashi ya ɗora buta, ranar ya zama ɗan gida. Haka surukin Gordon ya yi wa Gordon. Kowa a dangin ya san da haka. Shekara uku Dale yana jiran wannan magana.

Ran nan, bayan wata bakwai ba a gayyace shi ba, Gordon ya aiko ya zo. Aka ci, aka kwashe kwanuka. Gordon ya jingina da kujerarsa ya ce, "Tashi ka ɗora mana buta, ɗana."

Ɗana. Bai taɓa faɗa ba sai ranar.

Lorna ta matse hannunsa a ƙarƙashin tebur, idonta ya ciko don murna. Tire hannu biyu yake so. Fraser kuma yana kallo. Dale ya tura sandunansa ƙarƙashin kujera da ƙafa, ya miƙe. Taku goma sha ɗaya zuwa, goma sha ɗaya dawowa, kowane ɗaya kamar ana soka masa ƙusa, shi kuwa yana murmushi.

Ashe ramin da aka haƙa masa ke nan, aka rufe shi da kalma ɗaya.

Beryl ta ce kada ya tayar da hankalinsa, wasiƙar da ba ta da suna ba ta da nauyi sosai a gaban alƙali. Abin da ake bukata shi ne wanda ya ga abin da ya biyo bayan shayin. Doka ba ta tambayar ko ka taɓa yin abu sau ɗaya, tana tambayar ko za ka iya maimaitawa ba tare da ka kwanta ba. Idan aka yarda ba ya iya wuce mita ashirin da ƙafarsa, shi ke nan. Sunan wanda ya ɗauki hoton kuwa ba ruwan kotu da shi.

Dale ya naɗe hoton ya sa a aljihu.

"Ni da ruwana," ya ce.

* * *

Da azahar ya sami Lorna a bencin bakin teku, inda take cin abincinta idan an ba su hutu a kantin magani. Iska na kaɗa gashinta. Ta raba masa soyayyen dankalinta biyu kamar kullum, tana yi masa tsiyar cewa ya zo da fuskar shanu.

Ya ɗora mata hoton a cinya.

Da farko ita ma Fraser ta ce. Ya bar ta ta gama zaginsa, sannan ya nuna mata agogon Fraser a cikin hoton. Ya ga lokacin da ta gane. Dankalin ya zube a ƙasa, tsuntsayen teku suka yi masa caa, ko motsi ba ta yi ba.

"Ba zai yiwu ba," ta ce a hankali. "Baba ba ya ma iya ɗaukar hoto da wayarsa sai na nuna masa."

"Ashe kin koya masa da kyau."

"Dale."

"Ɗana ya ce mini, Lorna. A gabanki."

Sai kuka. Ba mai ƙara ba, irin wanda kafaɗu ke rawa. Cikin kukan take gaya masa abin da ta ɓoye masa wata da watanni. Kullum da safe maganar ɗaya ce a gidansu. Baba ya ce idan kotu ta ƙi Dale, gari ya san maƙaryaci ne. Idan ta karɓe shi, gari ya san gurgu ne har abada. Ko ta ina, ba zai ba da 'yarsa ba. Mama ba ta faɗa, sai dai ta zauna ta yi ta hawaye a kan kwandon guga. Fraser kuwa har zobe ya kawo, yana nan a kan firji cikin akwatinsa, an ƙi ɗaukewa, wai ko za ta sake tunani.

"Tsoro yake ji," ta ce. "Shekara tara Mama ta yi tana jinyar kakata. Tana ɗaga ta, tana wanke ta, har bayanta ya lalace. Baba yana gani. Ba ya so in zama ita. Ba ƙinka yake ba."

"Wanda yake tsoro zuwa yake ya faɗa maka a ido. Ba ya kiranka ɗansa ya ɗana maka tarko."

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Ni na san abin da na ji da ya faɗi kalmar nan. Babana ya mutu ina shekara sha biyu."

Ta kama hannunsa da nata biyu. Ya bar mata, amma bai riƙe nata ba.

Ya tambaye ta littafin. Tun bara Beryl ta ce a samu wanda zai riƙa rubuta yadda yake wuni, musamman munanan ranaku, domin shi ba zai faɗa da bakinsa ba. Lorna ce ta ɗauka. Bai taɓa karantawa ba, ya ce ba ya so. Ta ce yana jakarta, kuma ranar shayin ma tana ciki, ba ta rage komai ba.

"Za ki zo ki karanta a gaban alƙali?"

Ta gyaɗa kai.

"Zan zo. Zan karanta duk abin da na gani, ko da Baba zai daina yi mini magana. Amma abu ɗaya nake roƙonka. Kada a kira sunansa. Kada ka sa in faɗa da bakina. Shekara talatin yana bandar kifi a garin nan, sunansa kaɗai yake da shi. Idan aka ji shi ya rubuta wa hukuma wasiƙa a kan wanda ya ji ciwo a tasha, babu wanda zai ƙara zama kusa da shi a mashaya. Ka san mutanenmu. Sun fi yafe wa ɓarawo."

Ya sani. Shi ya sa ma.

"Ubana ne, Dale. Ka bar mini wannan. Ni zan ji da shi a gida, na rantse maka. Ka yi mini alkawari."

Hawaye ya jiƙa wuyan rigarta. Ya dube ta, ya ga yarinyar da ta kwana arba'in da ɗaya tana zuwa asibiti da miya a kwano. Ya kuma ga idon ubanta a fuskarta, launi ɗaya, ba bambanci.

"Na yi," ya ce.

Ta kwantar da kai a kafaɗarsa ta yi ajiyar zuciya.

Da ta koma aiki, bai tafi gida ba. Ya hau bas zuwa layin masu banda. Ya ciro takardar da kotu ta aiko masa mai ɗauke da rana da lokaci, ya rubuta a bayanta da biro: Ana barin 'yan kallo. Ya tura ta ƙarƙashin ƙofar ofishin Gordon Stathers.

Ya san zai zo. Wanda ya haƙa rami ba ya iya haƙurin rashin leƙawa.

* * *

Ranar Talata aka tashi da yayyafi.

Tun a tasi Beryl take ja masa kunne. Kada ya ce da sauƙi. Kada ya yi jarumta. Idan zama ya ishe shi ya faɗa. Kuma ya sani tagar ɗakin shari'ar tana kallon filin ajiye motoci, daga ya sauka mota har ya koma, idan sun ga wani abu da idonsu suna da damar tambayarsa a kai. Ta sa direban ya tsaya daf da ƙofa.

Ba kotu ce irin ta talabijin ba. Ɗaki ne da dogon tebur da tulun ruwa. Mutum uku a zaune: alƙali mai furfura a tsakiya, likita a damansa, da wata mata a keken guragu a hagunsa. Lorna ta zauna kusa da Dale da littafin a cinya.

Ana shirin farawa ƙofa ta buɗe.

Gordon Stathers ya shigo da kwat ɗin zuwa coci, yana ƙanshin hayaƙin banda da ba ya fita ko an wanke. Ya ce wa magatakarda shi ɗan kallo ne. Ya zauna a kujerar baya, ya ɗora hula a gwiwa.

Lorna ta gan shi. Ta juyo ta dubi Dale. Shi kuwa tulun ruwan yake kallo.

Likita ya fara tambayoyi. Yaya yake wanka? Wa ke sa masa safa? Daga gado zuwa banɗaki taku nawa? Dale ya amsa a gajarce, kowace amsa kamar ana zare masa haƙori, domin ya san wa ke bayansa yana ji. Daga nan alƙali ya buɗe shafi na sittin da huɗu, ya ce to ga wannan fa.

Beryl ta ce akwai mai shaida.

Lorna ta buɗe littafin. Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa, sai da alƙali ya ce ta ɗaga.

"Lahadi, tara ga wata. Ya haɗa shayi a gidanmu. Ya ƙi shan nasa don kada a ga hannunsa yana rawa. Ya yi sallama yana dariya. Muna shan kwanar layinmu ya ce in tsaya. Ya yi amai a bakin titi. Ƙafarsa ta hagu ta mutu, bai ji ta ba. Kafin mu isa gida..."

Ta tsaya.

"Kafin mu isa gida fitsari ya kufce masa a kujerar mota. Ya ce in fita in bar shi. Na ƙi. Ni da mahaifiyarsa muka ciccibe shi. Na wanke shi. Bai dube ni ba. Litinin bai tashi ba. Talata bai tashi ba. Laraba ya ce mini in ina so in fasa, ba zai riƙe ni a rai ba."

Matar da ke keken guragu ta ajiye bironta.

Dale bai san ta rubuta wannan ba. Kunnuwansa suka yi zafi. Duk da haka, a wannan lokacin, da a ce an tsaya nan, wataƙila da ya riƙe alkawarinsa. Ya ji wani abu yana kwancewa a ƙirjinsa. Ya kusa miƙa hannu ya kama nata.

Sai daga kujerar baya aka yi wani ɗan sauti. Ba dariya ba ce sosai. Iska ce aka fesar ta hanci, irin wadda mutum ke yi idan abin da ya daɗe yana faɗa ya tabbata.

Abin da ya kwance ya sake ɗaurewa, ya fi da tsauri.

Alƙali ya gode wa Lorna. Ya ce game da wasiƙar, tunda ba ta da suna, kotu ba ta ga dalilin ɓata lokaci a kanta ba. Ya fara rufe kundin.

"Ya mai shari'a," in ji Dale. "A tambaye ta wa ya sa ni ɗaukar tiren."

Beryl ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ƙafar hagu ce, bai ji ba.

"Ba ni na ga dama na tashi ba. Sa ni aka yi. A tambaye ta."

Alƙali ya dubi likita. Likita ya ce lallai akwai bambanci tsakanin abin da mutum ya saba yi da abin da aka matsa masa ya yi sau ɗaya. Alƙali ya juyo ga Lorna, cikin taushin murya, ya tuna mata ta yi alkawarin faɗin gaskiya, ya tambaye ta ko wani ne ya umarce shi.

Ba alƙalin ta kalla ba. Dale ta kalla. Idonta yana roƙo, irin roƙon da ta yi masa a bencin nan. Kalma ɗaya ta isa. Da zai ce a bar shi, na janye, shi ke nan. Ya san haka. Ya ji kalmar a kan harshensa.

Ya kawar da kai.

"Mahaifina ne," in ji Lorna.

"Hoton fa? Kin san wanda ya ɗauka?"

Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba.

"Shi ne."

Alƙali ya ɗaga ido ya dubi kujerar baya. Likita ya duba. Matar ma ta duba, magatakarda ma, wanda ƙanin matarsa ke aiki a layin masu banda. Kallon ya fi zagi.

Sai a lokacin Dale ya juya. Ya so ya ga fuskar, ya kuwa gani. Gordon ya yi ja har wuya, bakinsa ya buɗe ya rufe kamar kifin da aka fitar daga ruwa. Ya miƙe, hularsa ta faɗi, ya sunkuya ya ɗauka da kyar, dattijo kawai mai ciwon gwiwa. Kafin Juma'a duk tasha za ta ji.

Daɗin da Dale ya ji ya kai tsawon haɗiyar yawu ɗaya.

Gordon ya fita. Alƙali ya ce su jira a waje, za su tattauna, nan da minti goma sha biyar za a kira su a faɗa musu hukunci.

* * *

A bakin ƙofar ginin Dale ya cim ma Lorna, ƙarƙashin rumfa. Ruwan ya ɗan ƙaru. Can ƙarshen filin motar Fraser ce a tsaye, fitilunta a kunne. Ashe shi ya kawo Gordon. Dattijon ya riga ya shiga baya ya rufe fuska da hula.

Lorna ba ta yi masa ihu ba. Da ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Kai ka gayyato shi."

Bai musa ba.

"Tun a benci ka san abin da za ka yi. Ina kuka a kafaɗarka, kai kana lissafi."

"Shi ya fara."

"Shi ya fara," ta maimaita, tana gyaɗa kai. "Shi ya kira ka ɗansa don ya kayar da kai. Kai ka yi mini alkawari don ka kayar da shi. Ku biyun da ni kuka yi aiki. Ni ce tiren, ko? Kowa ya ɗauka ya kai inda yake so."

"Lorna, kin ji abin da ya yi da kike karantawa."

"Na ji. Da na koma gida da na ƙona shi da bakina, da na tattara kayana na taho wurinka yau ɗin nan. Jakata tana ƙarƙashin gado tun jiya, Dale. Na gama shiri." Muryarta ta karye. "Na wanke ka da hannuna ban taɓa jin ƙyama ba. Yau na ji."

Ta murza zoben da ke yatsarta. Shekara biyu yana wurin, sai da ya yi gardama kafin ya fita. Ta buɗe aljihun rigarsa ta sa masa, tunda hannayensa biyu suna kan sanduna.

Ta shiga cikin ruwan.

Beryl ta fito daga bayansa ta riƙe masa gwiwar hannu. Ta ce ya tsaya inda yake. Ta nuna masa sama da haɓa: tagar ɗakin shari'ar a buɗe take, ana ganin furfurar alƙalin. Ta ce shari'ar nan ya riga ya ci ta, in dai bai yi hauka ba. Wata goma sha huɗu suna wahala. Daga nan zuwa motar can ya fi mita arba'in. Mace tana hucewa, in ji ta, amma abin da alƙali ya gani da idonsa ba ya goguwa.

Dale ya dubi bayan Lorna. Ba ta sauri, ba ta kuma waiwaye. Ya san tafiyar nan. Idan ta shiga motar can, zoben da ke kan firji ba zai kai Lahadi a akwatinsa ba. Ba don tana son Fraser ba. Don dai ta gaji.

Fraser ya fito ya buɗe mata ƙofar gaba, yana riƙe da lema.

Dale ya zare hannunsa daga na Beryl.

Taku biyar na farko sandunan suka ɗauke shi. A na goma wutar ta kama daga ƙugu zuwa diddige. Yana jin Beryl a baya tana kiran sunansa, tana haɗawa da zagi. Ya wuce farin layin motocin naƙasassu. Ya wuce kwandon shara. Mita ashirin ɗin da ya zo ya rantse ba ya iya wucewa, ga shi ya bar su a baya, mutum uku suna kallo ta taga.

Ƙafar hagu ta mutu. Ya ja ta.

"Lorna."

Ruwa ya cinye muryar. Ya sake kira. Sanda ɗaya ta zame a kan jiƙaƙƙen kwalta ta yi gefe. Ya yi taku uku da ɗaya. Sannan ƙasa ta taso ta same shi, gwiwa da haɓa, ya ji gishirin jini a baki. Zoben ya fito daga aljihu ya gangara, ya tsaya a cikin wani ɗan kududdufi.

Ta juyo.

Hannunta yana kan ƙofar motar. Ta dube shi a ƙasa, ta ɗaga kai ta dubi tagar, ta gane abin da ya yi. Ba ta saki ƙofar ba, ba ta kuma shiga ba.

A gefenta Fraser ya mayar da lemar hannun hagu. A hankali, kamar mai duba lokaci, ya ciro wayarsa ya ɗaga.

Dale ya gani. Ya tofar da jinin. Ya kafa gwiwar hannu a kwalta ya ja jikinsa gaba, ya miƙa hannu cikin kududdufin ya damƙe zoben.

"Ɗauka da kyau," ya ce. "Wannan karon ka sa sunanka."

Daga bakin rumfa magatakarda ya leƙo da takarda a hannu, ya ce kotu tana kiran Mista Rudkin.

Lorna ta saki ƙofar motar.